Itatuwan Ƙasar Beliz, Da Yadda A Ke Gane Su, Da Abin Da A Ke Samu Gare Su

A can Amurka ta Tsakiya, a gaɓar tekun Karibiyan, akwai wata 'yar ƙasa da a ke kira Beliz. Meksiko na arewa da ita, Gwatemala na yamma da kudu, teku kuwa na gabas. Girmanta kusan ɗaya da na Jihar Jigawa, mutanenta ba su cika rabin miliyan ba. Da can sunanta Honduras ta Ingilishi, aka sake mata suna a 1973, ta sami mulkin kai a 1981. Wanda ya dubi tutarta zai ga abin da ba safai a kan gani a tutar ƙasa ba. Ga mutum biyu a tsaye, ɗaya ya saɓa gatari, ɗaya ya saɓa filafilin tuƙin jirgi, a tsakaninsu ga garkuwa mai zanen zarto da gatura, a bayansu kuma ga wani babban itace. Dalili kuwa shi ne, neman itace ya kai Ingilishi wurin tun farko, kuma shekara wajen 300 da itace ƙasar ta ci ta sha. A irin wannan ƙasa sanin itatuwa sana'a ce babba, don wanda ya iya duban ganye ko ɓawo ya faɗi sunan itace, shi ya san inda kuɗi su ke.

Dazuzzukan ƙasar iri biyu ne, ba kuwa sai mutum ya yi karatun daji zai rarrabe su ba. Na farko shi ne kurmi, watau dajin itatuwa masu faffaɗan ganye, shi ya fi yawa. Yana fitowa inda ƙasa ta ke da ƙarfi, galibi bisa farin dutsen nan da a ke yin siminti da shi. Cikinsa da duhu, rassa sun haɗe a sama, igiyoyin daji sun sarƙe, kuma a eka guda a kan tarar da itatuwa iri iri masu yawa, kowane da sunansa da halinsa. Na biyu shi ne dajin wani itace da Turawa ke kira fayin, Larabawa su ce sanaubar. Shi a jigawa mai rairayi ya ke, da kan tuddai masu tsakuwa, inda ko an yi shuka ba ta yin kirki. Dajinsa sarari ne, ciyawa a ƙasa, rana na ratsawa, itacen kuwa kusan iri ɗaya ne har iyakar ganin ido. A waɗansu wurare matafiyi ya kan fito daga kurmi ya faɗa dajin fayin cikin 'yan taku, sai ka ce an ja layi, don nan ne ƙasa ta sauya.

Bambancin bai tsaya ga ganye ba, har cikin katako ya ke. In aka yanke gungumen itacen kurmi aka dubi bakin yankan da gilashin ƙara girma, za a ga ƙananan huda birjik, su ne hanyoyin da ruwa ke bi zuwa sama. Fayin ba shi da su, sai 'yan hanyoyin ƙaro nan da can. Turawa na kiran katakon masu faffaɗan ganye mai tauri, na fayin mai taushi, amma fa sunan nan yana ruɗi. Rimi, irin wanda aka san birnin Zariya da shi, akwai shi a kurmin Beliz, ganyensa mai faɗi ne, alhali kuwa katakonsa taushi gare shi da rashin nauyi. Fayin ɗin ƙasar kuwa ya fi shi nauyi da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Itacen da ya fara jawo Turawa ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne, karkatacce, mai ƙaya, jikinsa kamar an murɗe sanduna da yawa an haɗa, a fadama ya ke tsirowa, dangin bagaruwa da ɗorawa ne. Sunansa logwud, watau itacen rini. In aka sassaƙe farin bayansa aka kai ga zuciyar, sai a tarar da ita ja wur. A kan faskara ta ƙanana a dafa, ruwan ya yi ja, in an haɗa da sinadarin ƙarfe ya ba da baƙi, in da alam ne ya ba da shunayya. Marinan Turai sun daɗe suna neman baƙin da ba ya koɗewa, saboda haka ya yi tsada ƙwarai. Wajen tsakiyar ƙarni na 17 'yan fashin teku na Ingila, waɗanda da su ke ƙwace shi daga jiragen Sifaniya, suka ga ya fi sauƙi su sauka su sara da kansu. Sifaniya na cewa ƙasar tata ce, ta yi ta korarsu suna komowa, har a 1763 aka yi sulhu a Faris aka yarda su sari itacen rini. Daga baya ya yi yawa a kasuwa kuɗinsa ya faɗi, kana a 1856 wani saurayi Ba'ingile mai suna William Perkin ya gano yadda a ke haɗa rini daga kwaltar gawayin ƙasa, tun daga nan cinikin ya yi ta ja da baya. Duk da haka bai mutu sarai ba. Har yanzu in likita ya yanki ɗan nama don a bincika ko akwai ciwon daji, da launin da a ke samu daga zuciyar wannan itace a ke rina shi kafin a sa a madubin likita.

Wanda ya gaje shi, shi ne ke kan tuta, watau mahogani. Mutumin ƙasar Hausa da ya san maɗaci ya san rabinsa, don gidansu ɗaya, su da darbejiya. Tsawonsa ya kan wuce ƙafa 100, miƙaƙƙe sambal, ba reshe sai can sama. Gindinsa yana da saiwoyi da suka fito fili suka tsaya kamar bango suna tokare shi. Ganyensa jere ya ke bibbiyu a kan tsinke guda, kamar na maɗaci, sai dai kowane ɗan ganye gefensa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kamar an karkata shi. Babbar shaida ita ce 'ya'yan. Na maɗaci kewayayyu ne, su kan tsage gida huɗu daga sama. Na mahogani dogaye ne, sun fi girma, suna tsaye a kan reshe suna duban sama, su kan tsage gida biyar daga ƙasa, irin ya fito da dogon fiffike guda yana juyi cikin iska.

Wahalarsa ita ce ba ya zama gungu. A kan yi tafiya mai nisa cikin kurmi kafin a ga babba guda, a sake wata kafin a ga na biyu. A 1786 Sifaniya ta yarda a sare shi, kuma bayin da aka kawo daga Afirka ta hanyar tsibiran Karibiyan su suka yi aikin, har a ƙarshen ƙarnin nan sun fi iyayengijinsu yawa a ƙasar. A kan raba su ƙungiya ƙungiya, daga mutum 10 zuwa 50, kuma a kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ya fi kowa daraja, ana ce masa mafarauci, ko da ya ke ba dabba ya ke nema ba. Wajen watan Agusta sai ya shiga daji shi kaɗai da adda, ya nemi tudu, ya hau itacen da ya fi tsawo, ya duba. A lokacin nan ganyen mahogani ya kan yi jaja-jaja, ya fita daban cikin koren daji. Sai ya riƙe wuraren a ka, ya sauko cikin duhun kurmi inda ba a ganin nesa, ya bi har gindin kowane ɗaya, ba taswira ba alama, sa'an nan ya ɓad da sawunsa don kada mafaraucin wata ƙungiya ya riga su. Arzikin ubangijinsa na shekara guda a idon wannan bawa ya ke. Ba abin mamaki ba ne da waɗansunsu suka yi amfani da sanin dajin nan suka tsere zuwa ƙasar da Sifaniya ke riƙe da ita.

In an sami itacen, ba a saran gindi, don saiwoyin nan sun yi faɗi. Sai a kafa gadon sanduna mai tsawon ƙafa 12 ko kusa da haka, masu gatari su hau su sara daga can. A share hanya zuwa bakin kogi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da ƙasa ta bushe, shanu su ja gumaguman da dare saboda zafin rana, ana haskaka hanya da faskaren itace mai ci da wuta. Da ruwa ya sauka a watan Yuni koguna suka cika, sai a tura su ciki, kowane da tambarin mai shi, su bi ruwa har inda aka gitta sarƙa ta tare su. Akwai ƙauye a bakin kogin Beliz mai suna Burrell Boom, daga sarƙar nan ya sami sunansa. An 'yanta bayi a 1838, amma da ya ke ƙasar noma tana hannun 'yan tsirarun masu katako, yawancinsu daji suka koma, suna karɓar bashi kafin aiki suna biya da gatari.

Abin da ya sa a ke wannan wahala duka shi ne halin katakon. Ja ne mai duhu, yana ƙara kyau in ya tsufa, ba ya kumbura da damina ya tsuke da rani kamar sauran, ba ya tanƙwarewa, yana bin hannun masassaƙi, ruɓa kuma ba ta saurin kama shi. Da shi aka yi kujeru da tebura na manyan gidajen Ingila, da taragun jirgin ƙasa, da jiragen ruwa, yanzu kuma masu ƙera jita na nemansa. Amma masu sara manya da miƙaƙƙu su ke zaɓa, watau waɗanda suka fi ba da iri. Ɗan mahogani kuwa ba ya girma a inuwa, sai inda guguwa ko gobara ta buɗe daji rana ta shiga, irinsa ba ya daɗewa a ƙasa, kuma sai ya shekara 60 zuwa 80 kafin ya isa sara. Mai karatu ya iya cewa, to a dasa shi gona guda mana. An gwada. Akwai wata tsutsa da ke shiga kan tohon ta huda shi, itacen ya yi rassa tun yana ƙarami, ya ƙi miƙewa, kuma in an tara su wuri ɗaya sai ta bi su ɗai ɗai. 'Yar'uwarta na yi wa maɗaci haka a Afirka. An kafa ma'aikatar gandun daji a ƙasar a 1922, amma an riga an kwashe mafi kyau. Daga wajen 1960 sukari da lemo suka sha gaban katako a cikin abin da ƙasar ke sayarwa waje, kuma tun 2003 ba a fitar da mahogani zuwa wata ƙasa sai da takardar izini, bisa yarjejeniyar duniya ta CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da a ke tsoron ƙarewarsu.

Yana da ƙane a gidan nan nasu, ana ce masa sida. Da hanci a ke gane shi: in aka murza ɗanyen ganyensa wari ya ke kamar tafarnuwa, busasshen katakon kuwa ƙamshi, wanda ƙwari ba su so. Don haka da shi a ke yin akwatin sigari da na ajiyar tufafi da kwalekwale. Akwai kuma Santa Mariya, mai ganye mai sheƙi wanda jijiyoyinsa suka jeru sirara kusa da juna kamar haƙoran matsefi, in an sare shi ya zub da ruwa rawaya. Katakon gini ne mai kyau, sai dai ya kan murɗe in ba a shanya shi da hankali ba.

Safodila kuwa an fi son shi a tsaye. Ganyensa kore ne shar mai kauri, a tattare a bakin reshe, 'ya'yansa masu zaƙi, in an ji wa ɓawon rauni sai farin nono ya fito kamar na tumfafiya. Nonon nan shi ne asalin cingam. Da damina masu tatsa su kan hau da igiya, su tsattsaga ɓawon da adda a karkace, dama da hagu, tun daga sama har ƙasa, nonon ya bi tsagar ya zuba cikin jaka. A dafa shi ya yi kauri, a zuba shi curi curi, a kai Amurka. Itacen da aka tatsa sai ya huta shekaru kafin a komo masa, kuma tabon ba ya ɓacewa, har yanzu a kan gane tsofaffin safodila da zanen nan a jikinsu. Aiki ne mai cin rai, ga faɗuwa, ga maciji, ga wani ɗan ƙuda da cizonsa ke zama gyambo a kunne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu yin cingam suka koma ga danƙon da a ke haɗawa daga man fetur, cinikin ya karye. Katakonsa kuwa ba a magana: a tsohon birnin Tikal na mutanen Maya, a Gwatemala maƙwabciyarsu, an tarar da katakon safodila a kan ƙofofin gine-gine ya shekara fiye da 1,000 bai ruɓe ba.

Akwai kuma wanda saninsa tsaron lafiya ne. Mutanen wurin na kiransa cecem, dangin mangwaro da yazawa ne, a kan gane shi da baƙin zane da ruwansa ke bari a ɓawo kamar an ɗiga kwalta. Ruwan nan in ya taɓa fata sai ta yi bororo. Sau da yawa kusa da shi a kan sami gumbo limbo, mai jan ɓawo da ke saɓulewa kamar takarda, irin na hano, kuma dangin hano da dashi ne. Al'adar mutanen wurin ce su yi maganin ƙunar na farko da ɓawon na biyu, suna kuma kafa rassansa su yi shinge, ya kama ya tsiro, kamar yadda a ke yi da dashi.

To, a fita kurmi a hau tudu. Fayin ba ya ɓuya. Ganyensa siriri ne dogo kamar allura, tsawonsa inci 6 zuwa 10, kuma in aka tsinko za a ga allurai uku uku ne a ɗaure a gindi ɗaya. Ƙidayar nan ita ce hanyar rarrabe shi da ɗan'uwansa na can ƙwanƙolin duwatsu, wanda nasa kan zo hurhuɗu ko biyar biyar. Ba ya fure irin na sauran itatuwa, sai wani busasshen kwanso mai ɓawo hawa hawa, in ya nuna ya buɗe irin ya fito da fiffike. Ɓawon jikinsa kauri gare shi, a tsattsage falle falle. Yadda ya ke rayuwa a ƙasar da ba ta da abinci kuwa, akwai wani irin naman kaza siriri kamar zare da ke naɗe saiwarsa, yana jawo masa ruwa da abinci, shi kuma yana ba shi zaƙi. In babu shi dashen ba ya yi, shi ya sa masu renon fayin a ƙasashen da ba shi da asali su kan ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffi su zuba wa ƙanana.

Amfaninsa ba na gidan sarki ba ne, na kowa da kowa ne. Da ya ke miƙaƙƙe ne, ga shi wuri ɗaya da yawa, saransa da arha. Da shi a ke yin katakon rufi da daɓe da bangon gidajen katako, da falwaya bayan an jiƙa shi da maganin gara. In an tsaga ɓawon, ƙaro ya kan fito, a dafa shi a sami man da masu fenti ke tsinka fenti da shi, abin da ya saura kuma ya shiga sabulu da takarda da aikin masu sanho. Zuciyar tsohon fayin cike ta ke da ƙaron nan, ashana guda ke kunna ta. Zaren katakonsa ya fi na itatuwan kurmi tsawo ninki uku ko fiye, don haka takardarsa ta fi ƙarfi, irin ta buhun siminti da kwali. Ga shi da saurin girma a ƙasa marar ƙarfi. Saboda haka aka ɗebi irinsa daga tuddan Beliz aka kai ƙasashe masu zafi da yawa, kamar Ostareliya da Fiji da Barazil. Irin wannan itace ne aka dasa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunin Jos.

Sha'aninsa da wuta abin lura ne, don a nan ya saɓa wa kurmi ƙwarai. Gobara ɓarna ce ga itatuwan kurmi, ɓawonsu ba kauri. Babban fayin kuwa wutar ciyawa ta kan wuce ta bar shi, ta ƙone masu faffaɗan ganyen da ke neman tsirowa a ƙarƙashinsa, ta share ƙasa irinsa ya sami wurin faɗawa. In an hana wuta ɗungum, sannu a hankali kurmi ya ci wurin. In kuwa ana cinna ta kowace shekara, kamar yadda mafarauta kan yi, ƙananan ba su kai ga yin ɓawo, dajin ya zama fili. Tsakanin biyun nan ne aikin malamin daji ya ke, ba kuwa aiki ne mai sauƙi ba. A 1944 aka keɓe gandun dajin Mountain Pine Ridge, mai faɗin eka fiye da 100,000, aka yi ta tsaronsa daga wuta shekara da shekaru, itatuwa suka cunkushe suka raunana. A 2000 da 2001 wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya auka musu. Yana huda ɓawo ya yi hanyoyi a karkace a ƙarƙashinsa, ya yanke wa itacen abinci. Alamarsa ita ce ɗigon ƙaro a jiki, sa'an nan allurai su yi rawaya, su yi ja, su zube. Ya kashe mafi yawan fayin ɗin gandun. Halin dajin da ya ke iri ɗaya ke nan, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Daga baya aka yi dashe, waɗansu kuma suka tsiro da kansu.

Itacen da ya fi ta da hankali a 'yan shekarun baya a kurmin kudu ya ke, a lardin Toledo. Sunansa rozwud. Ba shi da girman mahogani, ɓawonsa kamar takarda, amma zuciyarsa nauyi gare ta, launinta tsakanin ja da shunayya da ratsin baƙi, sabon yanka yana ƙamshi. In an buga shi ƙara ya ke kamar ƙararrawa, shi ya sa tun da daɗewa a ke yin wani abin kiɗa da shi, wanda a ke jera sandunan katako ana bugunsu da 'yan gulaye. Wannan bukata kaɗan ce, daji na iya ɗauka. Amma da attajiran ƙasar Sin suka shiga neman jan katako don kujeru irin na sarakunansu na da, sai masu zarton inji suka bazu cikin dajin ƙauyukan Maya. A watan Maris na 2012 gwamnati ta hana sara da fitarwa, a watan Janairu na 2013 ministar gandun daji, Lisel Alamilla, ta sa aka cinna wa tarin da aka kama wuta a gaban jama'a, a shekarar kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar CITES.

Masu sayen ba su daina ba, don ba a Beliz kaɗai a ke samun jan katako ba. A dajin Afirka ta Yamma akwai wani itace na babban gidan nan nasu, mai baƙin ɓawo mai kaushi, wanda in an sare shi ya kan zub da ruwa ja kamar jini, da rani ya kaɗe ganye ya yi fure rawaya, 'ya'yansa fale-fale kewayayyu da ƙaya a tsakiya, makiyaya na sassabe rassansa su ba shanu. Madobiya ke nan. A shekarun nan aka yi ta lodin gumagumansa daga Taraba da maƙwabtanta zuwa tashar jirgin ruwa ta Ikko, har Nijeriya ta shiga sahun gaba cikin masu kai wa Sin irin wannan katako. An sa madobiya cikin yarjejeniyar a farkon 2017, a ƙarshen 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya.